Ƙurajen wuya ne suka kai ni ga tsohon mariƙin reza

Duk namijin da gashinsa ke nannaɗewa irin namu ya san ƙurajen da ke fesowa a ƙarƙashin haɓa bayan aski. Nawa sun yi tsanani har ta kai ba na iya sa maɓallin wuyan riga sai da zafi. Ina barin gemuna, don haka wuya da saman kunci kawai nake gyarawa, sai kai idan suma ta taru. Shekara da shekaru da abin askin roba mai reza uku nake yi, ina bin sa da mayuka iri-iri, wuyan kuwa sai ƙara baƙi yake.

Wani abokina ma'aikacin lafiya ne ya fahimtar da ni inda matsalar take. Abin aski mai reza da yawa an ƙera shi ne yadda ta farko za ta ɗan janyo gashin waje, ta bayanta ta datse shi tun bai koma ba. Da an wuce sai guntun ya noƙe ya shige ƙasan fata. Ga mai miƙaƙƙen gashi babu damuwa, zai sake fitowa ta inda ya shiga. Namu kuwa tun daga saiwa a lanƙwashe yake, sai tsininsa ya soki fata ta gefe, jiki ya ɗauke shi baƙon abu, wurin ya kumbura. Ya ce in dakatar da aski na 'yan makonni har ƙurajen su kwanta, sannan in koma reza ɗaya.

A nan na gane wani abu da ban taɓa kawowa a raina ba. Rezar nan mai baki biyu da muke saye wajen mai tireda don yanke farce ko fiƙe fensir, ba don haka aka yi ta ba. Tsagar da ke tsakiyarta mazauni ne na wani mariƙi na ƙarfe. Wani Ba'amurke, King Camp Gillette, shi ya fara sayar da irinsa a 1903, kuma a shekarar mariƙi 51 da reza 168 kacal ya sayar. Sai da aka raba wa sojojin Amurka shi a Yaƙin Duniya na Ɗaya ya shiga gidajen mutane sosai. Daga baya aka shiga tseren ƙara yawan reza a kan abin aski guda: biyu a 1971, uku a 1998, biyar a 2006. Mu nan rezar ta zauna, mariƙin ya ɓace daga yawancin gidaje.

Wanda masu wannan harka suka fi yaba wa ɗan koyo shi ne Merkur 34C na garin Solingen a Jamus, amma ni wani mai sauƙin kuɗi na samu a kasuwa, mai gida uku: hula, da farantin da reza ke kwanciya a kai, da hannun da ake murzawa ya ɗaure su. Abin da ya kamata mutum ya duba shi ne rezar ta leƙo daidai wa daida ta ɓangarorin biyu, kuma farantin ya zama mai miƙaƙƙen baki. Mai haƙora irin na matsefi ya fi ci, a bar shi sai hannu ya faɗa. Wajen burushin haɗa kumfa kuma a yi tambaya, domin da yawa daga masu arha da gashin alade ake yin su. Na ɗauki na zaren roba, yana da laushi, yana bushewa da wuri, kuma zuciyata ta fi natsuwa da shi.

Abin da ya fi ba ni wuya ba rezar ba ce, kumfa ce. Na ɗauka yawanta ake nema, ashe santsinta ake nema. Kumfar da ta tashi fuu da manyan ƙwayoyi iska ce kawai, tana bushewa a fuska kafin ka gama ɓangare ɗaya. Wadda ake so ita ce mai kauri da sheƙi kamar kindirmo. Ana jiƙa burushi, a yarfe, a murza shi kan sabulun aski har ya ɗauka sosai, sannan a dinga ƙara ruwa ɗigo-ɗigo ana juyawa a fuska. Ruwan wasu rijiyoyin burtsatse ba ya son kumfa, idan irinsa kake da shi sai ka ƙara sabulu. Sabulun wanka yana yi idan babu yadda za a yi, amma yana saurin bushewa, kuma yana barin fata a ɗaure.

Tun kafin kumfar ma akwai jiƙo. Wannan wajen wani dattijon wanzami a unguwarmu na koye shi, ranar da na kai masa kaina. Na lura ya fi daɗewa yana shafa ruwa yana murza sumar fiye da lokacin da ya ɗauka yana askewa. Na ce, “Baba, wannan ruwan bai isa haka ba?” Ya ce, “Ɗana, busasshen gashi shi ke kashe aska, shi ke jawo jini. Bari ya sha.” Gaskiyarsa. Gashin da ya sha ruwan ɗumi na minti biyu zuwa uku yana kumbura ya yi laushi, reza ta wuce shi ba gardama. Tun daga lokacin bayan wanka nake aski.

Sai yadda ake riƙe mariƙin. Kan abin askin roba yana lanƙwasa ya bi fuska, kuma ya saba wa hannu da dannawa. Na ƙarfe ba ya lanƙwasa, kai ne za ka nemo masa kwana. A rubuce ana cewa kusan digiri 30, amma ba wanda ke auna wannan a gaban madubi. Yadda na same shi: in ɗora hular a kan fata, hannun mariƙin yana kallon waje, in dinga sauke shi a hankali har in ji bakin ya fara kama gashi. Kunne ma yana taimako, akwai wani ɗan ƙaraf-ƙaraf da ake ji idan an dace, shi ya sa nake rufe famfo. Kuma ba a dannawa ko kaɗan. Nauyin ƙarfen ya isa. Ana ja gajere-gajere, a ɗauraye, a juya ɗaya bakin. Hannun da ya saba dannawa yakan ɗauki lokaci kafin ya saki, kuma duk ɗan jinin da na gani a farko daga nan ya fito, ko daga sake bin wurin da babu kumfa.

Darasin da ya fi kowanne amfani a wurina shi ne sanin inda gashi ya dosa. Na bar shi ya ɗan tsiro, na bi shi da yatsa. A kunci ƙasa yake yi. A wuya kuwa abin mamaki: ƙarƙashin haɓa yana gangarawa, kusa da maƙogwaro ya juyo sama, a gefen dama har wani ɗan zagaye yake yi. Daidai wannan zagayen ne ƙurajena suka fi taruwa, domin duk shekarun nan daga sama zuwa ƙasa nake ja, ina yi masa gaba-da-gaba. Yanzu zagaye na farko ina bin gashin inda ya kwanta. Idan da buƙata in sake kumfa in ratsa shi ta gefe, a kunci kawai. Masu sha'awar wannan aski a Turai da Amurka suna yawan ƙara zagaye na uku, su tunkari gashin don fuska ta yi sumul. A ganina wannan shawara ba tamu ba ce. Sumul ɗin yana nufin an yanke gashi ƙasa da fata, wato an koma gidan jiya. Haka ma ja da fata da yatsu don ta miƙe. Na gwammace in shafa wuyana in ji ɗan kaushi da in kwana biyu ina sosa.

Rezoji ba ɗaya suke ba, ko da yake duk suna hawa mariƙi ɗaya. Feather ta Japan kaifinta ya yi wa ɗan koyo yawa. Derby ta Turkiyya da Shark ta Masar sun fi sauƙin hali, Astra tana tsakani. Wadda ta dace da fatar wani ba lallai ta dace da taka ba, don haka kada a sayi kwali guda tun ba a gwada ba. Da zarar reza ta fara jan gashi maimakon yanka, a canza ta, kuɗinta bai kai kuɗin magani ba.

Bayan aski ina wankewa da ruwan sanyi, in jiƙa alimun in goga. Yana tsayar da ɗan jini, kuma yana faɗa maka gaskiya: duk inda ya yi raɗaɗi, nan ka danna. Bayan kamar minti ɗaya in ɗauraye shi, in shafa man kaɗe kaɗan. Da hunturu wannan man ba abin wasa ba ne, ni har rage yawan askin nake yi. Turare mai sifirit na daina zuba shi a wurin.

Tsohuwar reza ba ta shiga shara tsirara, saboda yara da masu kwasar bola. Gwangwanin madara na huda wa tsaga a sama, nan nake jefa su. Kuma ba a aron reza ko tsakanin wa da ƙani, ciwon hanta da ƙanjamau suna bin jini. Wanda ƙurajensa ke ɗurar ruwa, ko suka zama tudu mai tauri a ƙeya, likitan fata ya kamata ya gani kafin ya sake ɗora wani ƙarfe a wurin.

Wuyana ya lafa, baƙin yana washewa a hankali. Askin kai ne har yanzu nake koyo: gaba da gefe ina yi da kaina, ƙeya kuwa, inda ido ba ya kaiwa ga kuma ninkin fata, wajen Baba wanzami nake kai ta, da sabuwar rezata a aljihu.