Asabar: kabarin direban jirgi a Tyne Cot

Yau ba aiki, sai na fita da Kawu. Tun da ya zo Beljiyam ganin likita yake ƙorafin zaman ɗaki ya ishe shi. Muka hau jirgi daga Brussels zuwa Ieper, daga can muka shiga bas zuwa Zonnebeke. An kwana ana yayyafi, garin ya yi sanyi.

Daga Zonnebeke zuwa maƙabartar Tyne Cot tafiyar kamar kilomita 3 ce, a kan wata hanyar ƙafa miƙaƙƙiya sambal. Kawu, da yake tsohon ma'aikacin reluwe ne, bai yi nisa ba ya tsaya ya ce, "Kai yaro, nan ai layin dogo ne a da." Haka ne kuwa. Tsohon layin Ieper zuwa Roeselare ne, an cire ƙarafan. Ta gefen wannan layi sojojin Ostiraliya suka kutsa a watan Oktoban 1917, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Tyne Cot ita ce maƙabarta mafi girma ta sojojin ƙasashen Kwamanwel a duniya. Kaburbura kusan 12,000, kuma mafi yawansu ba suna. Mun fi rabin awa muna bin sahu kafin muka iske wanda na kawo Kawu dominsa: Saja Lewis McGee, na bataliya ta 40.

Mutumin tsibirin Tasmaniya ne, a ƙasar Ostiraliya, an haife shi a 1888. Direban jirgin ƙasa ne a hukumar reluwe ta tsibirin, yana zaune a wani ƙaramin gari, Avoca, da matarsa da 'yarsu jaririya. Ya shiga soja a Maris ɗin 1916. Kawu ya tambaye ni, "Kama shi aka yi?" Na ce a'a, Kawu, Ostiraliya ba ta tilasta wa kowa zuwa wannan yaƙi ba. Sau biyu gwamnati ta kai maganar gaban jama'a, a 1916 da 1917, sau biyu suka ƙi. Da ƙafarsa ya je. Kawu ya girgiza kai kawai. A wurinsa, wanda ya kai matsayin direba, bayan shekarun da ake ci ana goge inji ana zuba kwal, ba ya ajiye wannan aiki don komai.

Abin da ya sa ake tunawa da shi ya faru ne ranar 4 ga Oktoba 1917, a tudun Broodseinde, nan kusa da inda muke tsaye. Jamusawa sun gina ƙananan ɗakunan kankare masu kauri, suna harbi da mashinga daga ciki. Ɗaya daga cikinsu ya tsare mutanen McGee, suna ta faɗuwa, ba gaba ba baya. Sai ya tashi shi kaɗai, da ƙaramar bindigar hannu, ya ruga a fili har wurin, ya harbe wasu, ya kama sauran da bindigarsu. Ya dawo ya tattara ragowar mutanensa suka ci gaba. Irin waɗannan ɗakuna har yau suna nan cikin maƙabartar. Babban gicciyen da ke tsakiya ma a kan ɗaya aka ɗora shi. Na dafa bangon ɗaya, na ƙiyasta tazarar fili, na ga ni dai ba zan iya ba.

Kwana takwas ya ƙara a duniya. Ranar 12 ga wata aka sake tura su, wannan karon su kama ƙauyen Passchendaele. Ruwan sama ya mayar da ƙasar taɓo, an kasa jawo manyan bindigogi gaba yadda ya kamata, amma manya suka ce a tafi. McGee ya sake tunkarar wata mashinga kamar wancan karo, harsashi ya same shi a ka. Shekararsa 29. Rundunarsu ta uku, ƙarƙashin Janar Monash, ta yi asarar mutum wajen 3,000 tsakanin matattu da masu rauni, kuma ba a kama ƙauyen ba. Sojojin Kanada ne suka kama shi a Nuwamba, sannan a Afrilun 1918 aka janye aka bar wa Jamusawa shi. Wannan ne ya fi ci mini rai.

Lambar Victoria Cross, wadda ba ta da sama a sojan Birtaniya, bayan mutuwarsa aka sanar an ba shi ita. Matarsa aka miƙa wa a Launceston.

Kawu ya sa tabarau ya duba dutsen kabarin sama da ƙasa. Akwai lambarsa ta soja, muƙami, bataliya, ranar mutuwa, da hoton lambar yabon. Ya ce, "To ina aka rubuta direba ne?" Na ce ba a rubuta sana'ar kowa a nan. Bai ji daɗi ba, har muka koma bas yana mita, wai soja na shekara ɗaya da rabi ya shafe aikin da mutum ya tashi a kai.

Na so mu tsaya a Ƙofar Menin, wurin tunawa da sojoji a Ieper, mu ji busar ƙahon da ake yi kullum ƙarfe takwas na dare, amma gwiwar Kawu ta fara kumbura, ga maganinsa na yamma a gida. Jirgin ƙarfe biyar da wani abu muka biyo.