Ƙannena, kafin ku sayo wa tsohuwar kwamfuta sabon furosesa

Wannan maganar ta daɗe tana cina, shiyasa nace bari in rubuta ko wani zai tsira da kuɗinsa. Kwamfutar da na fara aiki da ita Dell OptiPlex 790 ce, tokumbo, da ita nake buga wa mutane takardu, katin biki, wani lokacin in ɗan taɓa gyaran hoto. A cikinta akwai furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, Core i3-2100, ram (inda take riƙe aikin da take yi a lokacin) 4GB da had disk irin mai juyawa ɗinnan. Ta yi nauyi sosai, sai ka kunna ka je kayi alwala ka dawo bata gama buɗewa ba, kwastoma na tsaye a kanka yana kallon agogo.

Kowa na tambaya sai yace ai furosesa ne, ka sa i7 kawai ka huta. Ni kuma na hau kai na zauna. Na ɗan duba a intanet naga soket ɗin bod ɗina, wato ramin da furosesa ke zama a kan babban allon cikin kwamfutar, sunansa LGA1155, naga i7-3770 shima LGA1155 ne, toh me ya rage? Kuɗin da na yi wata uku ina tarawa na kwasa na tafi kasuwar 'yan kwamfuta na sayo.

Na dawo gida bayan isha'i na shimfiɗa tabarma na kwance kwamfutar, na cire fanka, na ɗaga ɗan ƙarfen da yake danne furosesan, na sa sabon ya zauna daram babu ko gardama, wallahi a lokacin har zuciyata tayi sanyi. Na mayar da komai na danna. Fanka tana juyi, sikirin baƙi ƙirin. Na kashe na kunna ya fi sau goma, na cire ram na goge na mayar, na cire ɗan batirin nan mai kama da kwabo, shiru kake ji.

Sai daga baya wani dattijon mai gyara ya zaunar dani ya fahimtar dani inda na kuskure. Soket ɗaya ba yana nufin zasu yi aiki tare ba. A kan bod akwai abinda ake kira cipset, shi ke haɗa furosesa da sauran kayan bod ɗin, kuma na 790 sunansa Q65, shi janareshan na biyu kaɗai ya sani, wato su i5-2400 da i7-2600 da suka fito a 2011. Shi kuwa i7-3770 janareshan na uku ne, na 2012, ramin ɗaya ne amma bod ɗin bai san shi ba kuma babu sabunta BIOS, wato manhajar da ke cikin bod ɗin, da zai sa ya san shi. Da OptiPlex 7010 ce dani, mai cipset Q77, da ya tashi lafiya lau. A irin waɗannan furosesan, lambar farko bayan ɗan layin da ke cikin sunan ita ke gaya maka janareshan, 2600 na biyu, 3770 na uku, 4770 na huɗu wanda shi soket ɗinsa ma daban ne, LGA1150. Kuma wannan tarkon yana nan a gaba, LGA1151 ma haka yake, bod ɗin janareshan na shida da bakwai baya ɗaukar na takwas da tara duk da sunan soket ɗaya ne.

Na mayar wa mai shagon yace shi kayansa lafiya yake kuma ba'a dawo da kaya, gaskiya ban ga laifinsa sosai ba tunda ni na faɗi abinda nake so da bakina, ban ɗauki kwamfutar na je an gwada a gabana ba. Daƙyar ya yarda ya musanya min da i7-2600, na yi ciko kuma.

Kuskure na biyu shi yafi min ciwo. Garin cirewa da mayarwa cikin ɓacin rai, a hasken tocilan waya saboda an ɗauke wuta, gefen furosesan ya gogi cikin soket ɗin ya lanƙwasa ƙafa biyu. A irin wannan bod na Intel ƙafafun suna jikin bod ne ba jikin furosesa ba, sirara kamar gashi, guda 1155, daga nan sunan ya samo asali. Dattijon nan yayi kusan awa ɗaya da allura da gilashin ƙara girma yana miƙar dasu yana riƙe numfashi, ni kuma ina gefe ina ta salati. Allah ya taimaka suka miƙe. Don Allah kada ku taɓa wannan aikin da dare ko kuna cikin fushi, ku ajiye furosesan a hankali ku bi ɗan alamar da ke kusurwarsa, ba'a dannawa. Ku goge tsohon man da ya bushe a bayansa ku sa sabo kamar ƙwayar wake, masu gyara suna ce masa tamal fes. Ku kuma duba zafi, i3-2100 wat 65 ne, i7-2600 kuwa wat 95, in akwatin kwamfutarka ƙarami ne sosai fankar bazata iya dashi ba, balle a zafin watan Afrilu.

Toh bayan duk wannan wahalar na kunna da i7 ɗin, kun san me? Nauyin yana nan kusan yadda yake. Dattijon ya buɗe min Task Manager, wurin da Windows ke nuna aikin da kowane ɓangaren kwamfuta yake yi, yace kalli nan, furosesa yana zaune baya wani aiki, disk kuwa ya kafe a 100%. Ashe tun farko had disk ne yake riƙe ta. Muka sa ƙaramin SSD, irin disk ɗin da baya juyawa kuma ya fi had disk sauri, muka ƙara ram ɗin DDR3 ya koma 8GB, kuɗin bai kai abinda na kashe a furosesa ba, kwamfuta ta koma buɗewa kafin in gyara zama a kujera. I7 ɗin ya taimaka wajen gyaran hoto, bazan ce bai yi komai ba, amma ba shine ciwon ba.

Saboda haka kai da kake shirin fita kasuwa gobe, ka fara buɗe Task Manager lokacin da take nauyin ka ga wanne ne ya cika. In furosesan ne da gaske, sauke manhajar CPU-Z, kyauta ce, zata nuna maka sunan bod da cipset, sai ka nemo jerin furosesan da wannan bod ɗin yake ɗauka. Ka ɗauki kwamfutar a kafaɗa ka je a sa a gabanka ta tashi kafin ka miƙa kuɗi. Kuma ka sani Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a hukumance daga janareshan na takwas take farawa, in taka ta biyu ce ko ta uku irin tawa kar ka zuba mata kuɗi masu yawa, sa mata SSD ka cigaba da lallaɓawa kana tara na wata, SSD ɗin ma zaka iya cire shi ka mayar a sabuwar.