Takardar da Ke Manne a Jikin Kwamfutata

Da na fara rubuta labaran makamashi da sauyin yanayi, kuskurena na farko shi ne cakuɗa megawat da megawat-awa a labari guda. Washegari wani injiniya ya kira ni, cikin natsuwa ya ce, "Malama, na farkon ƙarfin tasha ne, na biyun kuwa yawan wutar da ta bayar cikin lokaci." Na rubuta bayanin a 'yar takarda, har yau tana manne a jikin kwamfutata.

Aikin nan sai mai haƙuri. Nakan kwana a kan rahoton masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, ina neman yadda zan bayyana digiri 1.5 na Yarjejeniyar Faris ta 2015, wato iyakar ƙarin ɗumamar duniya da ƙasashe ke ƙoƙarin kada a wuce, har manomi ya hango gonarsa a ciki.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne alƙawura. A taron sauyin yanayi na birnin Kofanhegan a 2009 ƙasashe masu arziki suka yi alƙawarin bai wa ƙasashe masu tasowa dala biliyan 100 duk shekara don tunkarar sauyin yanayi, amma wa'adin 2020 ya wuce ba a cika ba. Sai a taron Dubai na 2023 aka amince a rubuce cewa duniya ta fara janye jiki daga fetur, gas da kwal. Sau uku na karanta jimlar nan kafin na tura wa edita labarin.