Tsatsa a jikin mutum-mutumi

Akwai wani wasa da ake yi a kan tebur a ƙasashen Turawa. Mutum huɗu ko biyar za su zauna, ɗaya ya riƙe littafin ƙa'idoji yana jan labari, sauran kowa ya zama wani a cikin labarin, wannan matuƙin kumbo, wancan makanike. In aka zo inda ba a san yadda za ta kaya ba, sai a jefa ƙwaya irin ta ludo. Wasan bai dame ni ba. Zanen da ke cikin littattafan ne ya kama ni tun ina kwalejin horon malamai, kuma da shi nake aiki yanzu a ƙaramar sakandaren wani ƙauye a ƙasar Ringim.

Ɗaya daga cikin irin waɗannan wasanni, Traveller na Marc Miller, ya fito a Amurka a 1977. Ƙananan littattafai uku ne, bangonsu baƙi ƙirin, ba hoto ko ɗaya a kan bangon. Amma waɗanda suka biyo baya sun zo da taswirar cikin kumbo, an zana ta a kan murabba'ai kamar fulan ɗin gida: ga wurin kwana, ga wurin kaya, ga tankin mai ya cinye babban kaso. Daga nan na koyi tambayar da nake yi wa duk yaron da ya kawo mini zanen jirgi: ina mutanen ciki suke kwana?

Wanda ya fi koya mini shi ne Simon Stålenhag, ɗan ƙasar Suwidin. Shi zanensa ne ma ya riga wasan, sai a 2017 aka gina wasan Tales from the Loop a kan zanen, inda masu wasa ke zama yara 'yan shekara 10 zuwa 15. Karkarar ƙasarsu yake zanawa kamar yadda take a shekarun 1980: fili, turakun lantarki, tsohuwar Volvo a gefen hanya. A tsakiyar wannan sai ka ga ƙaton mutum-mutumi, fentinsa ya kwaye, tsatsa ta ci gwiwarsa, yara na wucewa da jakar makaranta ko kallo bai ishe su ba. Rashin mamakin yaran nan ne ke sa ka yarda da injin. Duk wanda ya san taraktar da ta mutu a bakin gona har ciyawa ta fito ta ƙarƙashinta zai gane hoton ba tare da an yi masa bayani ba.

Ba duka zanen littattafan nan ke burge ni ba. Da yawa bindiga ce da walƙiya kawai, ƙarfe na sheƙi kamar hannu bai taɓa shi ba, wasu kuma shigar matan ciki ba ta nunuwa a aji. Waɗannan tsallake su nake yi.

Idan ka ce wa yaranmu su zana duniya nan da shekara ɗari, dogayen benaye za su jera maka irin na cikin fim, ba mutum, ba akuya. Yanzu sharaɗi nake sa musu: abin da za a ƙirƙira ya tsaya a garin nan, kuma a nuna mini wanda ke gyara shi in ya lalace. Wata yarinya ta zana mutum-mutumi yana jan guga a rijiyar unguwarsu, an ɗaure masa kafaɗa da robar tayar keke. Na tambaye ta dalili, ta ce, "Malam, ai haka Baba yake ɗaure tiyon injin ban-ruwa." Wani yaro ya sauke kumbo a fadama, ya sa kuka a gefensa, rassanta ko rabin tsayinsa ba su kai ba. Bai rubuta ƙafa nawa ba ne, kukar ta faɗa.

Matsalar ita ce nunawa. Waya ɗaya ba ta isar aji, in kuma na kai shagon kwamfuta a gari, baƙi da fari ake buga mini, launin ya tafi. Da waɗannan takardun nake koyar da haske da inuwa, tunda fensir da bayan littafin rubutu ne kayan aikin yawancinsu.