Masu abin su nawa ne? Yadda muke rubuta allo a shagonmu

Watan Mayu shi ne kakarmu, mu masu rubuta allo da buga kyallen sanarwa a Kano. Ranar 1 ga wata ta ma'aikata ce, ranar 27 ta yara, makarantu da ƙungiyoyi kuma kowa yana son nasa ya fito da Turanci. A nan ake gane wanda ya iya sana'ar. Workers' Day ake rubutawa, ɗan waƙafin nan na sama ('), mai nuna mallaka a Turanci, yana bayan s, domin jam'in ya riga ya ƙare da s. Amma a Children's Day waƙafin yana gaban s, saboda children jam'i ne da kansa, babu s a jikinsa sai an ƙara masa. Haka Women's Day ta 8 ga Maris, haka men's da ake sa wa a ƙofar shagon tela. Teachers' Day ta 5 ga Oktoba kuwa sahun ta ma'aikata take bi.

Maigidana a Fagge, Allah ya jiƙansa, da buroshi da fenti ya koya mini. Ba ya barin yaro ya taɓa allo sai ya amsa tambaya ɗaya: masu abin su nawa ne? In an kawo aikin makarantar 'yan mata, zai ɗora yatsa a kan zanen alli ya ce, "Kai yaro, yarinya ɗaya aka gina wa makarantar nan?" Girl's School ta mutum ɗaya ce, Girls' School ta 'yan mata da yawa. Waƙafin ma da ƙaramin buroshi na musamman yake yin sa, ya ja wutsiyarsa ta ɗan karkata hagu, daidai da saman haruffa.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne 'yan kwaikwayo. Yau duk wanda ya sayi kwamfuta ya zama mai zane. Sai ka ga childrens' a ƙofar makarantar da ake biyan kuɗi don yara su koyi Turanci, ko ladie's an tsaga kalmar gida biyu. Wasu har jam'in da bai mallaki komai ba suna liƙa masa waƙafi, su rubuta shoe's alhali takalma kawai ake sayarwa. Sannan mai makaranta ta zo tana cewa, "Malam, can an yi mini rabin kuɗinka." Nakan ce, "Hajiya, allon nan shekaru zai yi a bakin titi, iyayen yara kuma suna karantawa kafin su shigo."

A wurinmu ba a kunna inji sai na karanta rubutun da kaina, harafi bayan harafi, na tura wa mai aikin hotonsa ta WhatsApp ya amince. In ya kawo rubutunsa da kuskure, muna gyarawa mu faɗa masa dalili, ba ma ƙara ko kwabo a kan wannan.