Daga Utrecht zuwa ga mutanen Jos: maganar keke

Assalamu alaikum 'yan uwa, ya gida ya sanyin Jos, ya kuma haƙuri da tsadar mai. Daga Utrecht nake rubuto muku, wani gari a ƙasar Holan, kuma maganar keke ce ke tafe da ni, don Allah ku bari na gama kafin ku yi dariya.

A ƙasar nan kekuna sun fi mutane yawa. A tashar jirgin ƙasa ta garin nan akwai wurin ajiye keke hawa uku mai cin keke 12,500, a 2019 aka gama shi. Da safe za ka ga likita a keke, malamin jami'a a keke, uwa ta zuba yara biyu a akwatin gaban kekenta ga jakunkunan makaranta ga burodi tana ta taka feda abinta ko ana yayyafi. Mark Rutte ma da ya sauka daga firaminista a 2024 kekensa ya hau ya kama gabansa.

Kuma fa da ba haka suke ba. A 1971 hatsarin mota ya kashe musu mutum sama da 3,000, yara fiye da 400 a ciki, iyaye suka fito zanga-zanga. Sai 1973 Larabawa suka hana su mai har gwamnati ta hana fita da mota ran Lahadi, to daga nan aka dage da yi wa keke hanyarsa daban, yau jan kwalta ne, mota ba ta isa ta hau ba.

Mu ma ai tun Mayun 2023 da aka cire tallafin mai muke ɗanɗana kuɗarmu. Kai da ke fita daga Farin Gada zuwa Terminus kullum, zauna ka lissafa abin da Napep ke ci maka a wata, zuwa da dawowa, ka je ka tambayi kuɗin keken gwanjo. Shi ba ya shan fetur, ɗan faci ne sai man sarƙa sai robar burki in ta cinye, kuma ranar da Bauchi Road ta cushe kai dai ratsawa za ka yi ka bar masu mota suna ta hon. Mutumin Sakkwato in ya ce rana ta hana shi sai a yi masa uzuri, mu da ke kan tsauni iska na kaɗawa me za mu ce? Na san za a ce Holan shimfiɗe take, Jos kuwa hawa da gangara, gaskiya ne, shi ya sa keke mai giyar hawa tudu za ka nema.

Kunya ce dai babbar matsalarmu, ana ganinka a keke an ce wane ya karye, alhali a zamanin kakanninmu sai mai hali ke hawa keken Rali. Amma tsoron direbobi kam ba na musu da kowa a kai. Ojo Maduekwe yana ministan sufuri lokacin Obasanjo ya yi ta kiran a hau keke, ran nan yana kan kekensa bas ta wancakalar da shi cikin kwata a Abuja, mutane suka mai da abin barkwanci, hanyar keke kuwa shiru. Abin da ya kamata mu matsa wa gwamnatin Filato kenan, ta ware mana gefe guda a titin Bukuru da na jami'a, a sa shinge ba fenti kawai ba, don fenti masu Napep ko kallonsa ba za su yi ba.

Kafin nan wanda zai fara ya bi ta cikin unguwa, ya sa fitila gaba da baya in zai kai magariba a waje, ya kuma sayi makulli mai kauri, don ko a nan ɓarayin keke ba sa wasa, ni kekena makulli biyu nake sa masa.

A gaida mutanen Gangare da Angwan Rogo.