Yadda muka raba dawakanmu da taɓon damina

Bargarmu tana wajen garin Zariya, a fili mai ɗan gangare, ƙasar kuma mai yumɓu ce, ba ta shanye ruwa da wuri. Daga Yuli zuwa Satumba, musamman cikin Agusta, gindin kowane turke yakan koma taɓo. Doki yana zagaya turkensa yana tona ƙasa, ga fitsari ga kashi, sai wurin ya lotsa, ruwa ya samu wurin kwanciya. Kofaton da ya kwana cikin wannan laka laushi yake yi, tsakiyar ƙasansa ta fara ruɓewa da baƙin ruwa mai wari, daga nan sai ɗingishi. Duk mai son doki, wannan warin yana sosa masa rai.

Daga rufin kwano muka fara. Ruwan sama milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita ɗaya ne, don haka rufi mai murabba'in mita 50, idan aka sheƙa ruwan milimita 40, zai zubo lita 2,000, wato durom goma, duk a ƙofar barga. Muka sa indararo ya kai ruwan tanki, da shi muke wanke dawakai yanzu. Sai muka haƙa lambatu ta saman filin, ruwan da ke gangarowa daga tudu ya bi gefe ya wuce. Waɗannan biyun kaɗai sun rage yawancin matsalar.

Gindin turke shi ya fi cin ƙarfi. Mun kwashe taɓon har muka tarar da ƙasa mai tauri, muka zuba marmara kaɗan-kaɗan, ana yayyafa ruwa ana daɓewa, tsakiya ta ɗan fi gefe tudu don fitsari ya gangare. Yashi daga ƙarshe yake zuwa, kuma siriri. Ina ganin mutane suna sayen tifar yashi su juye kan taɓo kai tsaye. Asarar kuɗi ce, kofato zai cakuɗa su kafin mako ya zagayo. Kuma tunda akwai yashi, ba ma zuba dusa ko harawa a ƙasa, sai a komi, domin yashin da doki ya haɗiye yana taruwa a hanji ya jawo ciwon ciki mai tsanani.

Inda ruwan ke fita daga filin kuwa, zaizaya ta riga ta fara yanka ɗan kwazazzabo. Can muka jera duwatsu da buhunan ƙasa hawa-hawa don karya gudun ruwa, muka dasa ciyawar jema layi-layi a gicciye da gangaren. Saiwar jema tana nutsewa ƙasa sosai, ganyenta kuma yana tare ƙasar da ruwa ya kwaso. A filin kiwo ciyawar kirikiri muka bari ta shimfiɗu, kuma ranar da ƙasa ta jiƙe sharkaf ba ma sakin dawakai a kai.

Kashi kullum ake kwashe shi, a tara nesa da hanyar ruwa, masu lambu su zo su saya. Kofato ma kullum ake sakace shi, inda aka ji wari a wanke a sa aidin. Haƙa da daɓe aikin Maris da Afrilu ne, tun ƙasa na bushe. Jema ce kawai ke jiran ruwa ya zauna, kuma sai an kewaye ta da ƙaya a daminar farko, in ba haka ba dawakai su tumɓuke ta tun ba ta kama ƙasa ba.